Ƙafa Ba Faranti Ba Ce

Asabar, da hantsi

Mun sauke tukunya ta biyu. Man tsaurin da muka samu bai kai na makon jiya ba. Tsauri haka yake, in ka zuba shi a duro da jiƙa sai ya yi maka rowa. Baba ya ce laifina ne, ban bar ganyen ya sha iska ba. Shi ya ce a zuba.

Littafin nan na rubuta lokacin hura wuta ne da lokacin saukewa, amma tunda akwai sauran shafi bari in sa wannan. Baba ya taka lauje a cikin kunya. Bai ma sani ba. Ni na ga jini yana bin bayansa a ƙasa, na ce, "Baba, wa ya yanka kaza?" Ya duba, ashe ƙarƙashin babban yatsansa ne na hagu. Ya wanke, ya ɗiga man tsauri, ya ɗaure da tsumma. Ya ce an gama.

Lahadi, da yamma

Mai Walda, maƙwabcinmu, ya shigo duba bututun da ya liƙe mana. Ya ga tsumma.

"Mai Tsauri, me ya cije ka?"

"Lauje ne ya gaishe ni."

"Ka je an duba? Kai fa mai suga ne."

"Suga a shayi yake. Zauna in nuna maka wani abu."

Na san abin da za a nuna. Tun bara duk wanda ya shigo gidan nan sai ya gan shi. Wata malama ce daga ɗakin gwaje-gwaje na kwaleji ta zo ta ga aikinmu. Na nuna mata yadda muke noma tsauri, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, mu cusa ta a duro, tururi ya bi ta bututu ta cikin ruwan sanyi, man ya taso saman ruwa mu kwashe da sirinji. Ta tafi da ƙaramar kwalba. Da ta dawo sai ta kawo hoto: ɗan faranti na gilashi, an shuka ƙwayoyin cuta a ciki sun rufe shi kamar funfuna a kan burodi. A tsakiya akwai 'yar takarda kamar maɓalli, an jiƙa ta da manmu. Kewaye da ita fili ne fes, kamar zobe, ko ƙwaya ɗaya ba ta kusanto ba. Malama ta ce da rula take aunawa, iya faɗin zobe iya ƙarfin mai. Baba ya sa aka wanke hoton, ya rataye shi a ɗakinsa sama da rediyo.

"Ka gani?" in ji Baba. "Abin da ya kori dubu a faranti, ɗan yankan lauje ne zai gagare shi?"

Mai Walda ya ce, "Ni dai ƙarfe na sani. In ya tsage liƙewa ake yi, ba turare ake fesa masa ba."

Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Talata, da safe

Ya ce ba ya jin zafi. Ni abin da ke damuna ke nan.

Laraba, bayan azahar

In man nan ya taɓa inda ganye ya karce ni a hannu, sai na yi tsalle. Ya fi barkono. Baba kuwa ana zuba masa cikin tsoka yana sauraron rediyo, ko ƙifta ido ba ya yi. Ya ce alamar sauƙi ce. Fatar gefen ciwon ta yi fari tana saɓulewa.

Na ce, "Baba, ko a sirka shi da wani mai, kada ya ƙona ka?"

Ya ce, "Malama sirkawa ta yi?"

Ban sani ba.

Yanzu ni nake ɗiga masa, don ba ya iya lanƙwasawa ya ga ƙarƙashin ƙafar. In na ƙi, da kansa zai yi da tsumman da ya samu. In na yi, aƙalla ina ganin wurin kullum.

Juma'a, da yamma

Takalmin hagu ya daina shiga. Yana nan bakin ƙofa shi kaɗai, na daman yana fita yana dawowa.

Yaya ta zo daga shagon ɗinkinta, da zare a jikin mayafinta. Ba ta ko zauna ba ta ce a kwance tsumman. Da ta gani sai ta dafe ƙirji.

"Baba, tashi mu tafi asibiti."

"Sannu da zuwa. Ya mijin naki?"

"Yana lafiya. Tashi mu tafi."

"Ke tela ce ko likita?"

"Tela ce, kuma na san yagewar da ba ta ɗinkuwa a gida."

Baba ya rage muryar rediyo. Ya ce, "Wancan karon ma mahaifiyarku da ƙafarta ta shiga asibitin."

Ba zan rubuta a kan wannan ba.

A tsakar gida Yaya ta huce a kaina. "Kai kuma Auta, kana nan kamar turmi, ana daka a kanka kana kallo. Kai ne ma mai ɗiga masa, ko?" Na ce ni ne. Ta ce Allah ya shirye ni. Na ce amin. Ta ce kada in raina mata hankali da amin.

Lahadi, da hantsi

Mun yanki tsauri ni kaɗai. Na ce mun, amma ni kaɗai.

Litinin, da rana tsaka

Gidanmu ƙuda ba ya zama. Tun ina yaro haka na sani, ƙamshin tsauri yana korarsu, har maƙwabta kan ce mu da ƙuda ba ma ga maciji. Yau na ga uku a kan tsumman Baba. Na kore su, suka dawo.

Duk gidan ƙamshi yake, shi ya sa ba wanda ya ji. Amma da na sunkuya kwance tsumman na ji wani wari a ƙarƙashin ƙamshin. Na riƙe numfashi don kada ya gani a fuskata. Yatsan ya yi baƙi. Fatar bayan ƙafar ta yi duhu, tana sheƙi kamar an shafa mata mai, kuma tana da zafi a hannu.

Ya ce, "Ya ka gani?"

Na ce, "Yana nan."

Ya ce, "Ka gani ko? Yana nan, bai ƙaru ba."

Ba haka na ce ba.

Talata, da yamma

Na je kwalejin. Mai gadi ya tsare ni ya ce me ɗalibi kamar ni yake karantawa. Na ce ciyawa. Ya yi dariya ya bar ni na wuce.

Malama tana cikin farar riga, ɗakin sanyi ƙalau, farantai a jere a cikin wani akwati mai gilashi. Ta gane ni, ta ce ya Baba, ya tukunya. Na nuna mata hoton ƙafar a wayata. Ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau.

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata abin da muke ɗigawa, da dalili.

Ta zauna. Ta ce, "Abin da na gaya muku gaskiya ne, man yana kashe su. A faranti. A can suna kwance a sama a fili, man yana taɓa su kai tsaye. A ƙafa sun shige ciki, inda ɗigo ba ya kaiwa, ga suga yana ciyar da su. Kuma man nan zallansa yana ƙona naman da yake ƙoƙarin haɗewa. Ƙafa ba faranti ba ce."

Ta ce ko a farantin ma ba duka suka ji tsoronsa ba. Akwai wani iri da zoben bai fi bakin farce ba, kuma ta nuna wa Baba hoton wannan ma. Na ce bai wanke wancan ba.

Ta ce, "Ni ba likita ba ce, faranti na sani. Amma ku kai shi yau. Duhun nan in ya fara hawa ba ya jiran kowa."

Ta kira shi ta wayata a gabana. Ina jin muryarsa. Ya gaishe ta da fara'a, ya bari ta gama, sannan ya ce, "Malama, kada ki raina aikinki. Ke da hannunki kika auna." Ya yi mata godiya ya kashe.

Da na dawo na faɗa masa maganar faranti da ƙafa. Ya ce 'yan boko haka suke, su gano abu kuma su ji tsoronsa.

Laraba, da safe

Bai ci burodin ba. Shayi kawai, rabin kofi.

Laraba, bayan la'asar

Na daɗe ina tunani. Baba ba ya jin roƙo. Yaya ta yi faɗa, Malama ta yi bayani, Mai Walda ya yi barkwanci, duk a banza. A duniyar nan abu ɗaya ya yarda da shi, abin da aka auna.

Na kira Mai Walda ya zama shaida, na shiga da biro.

Na ce, "Baba, mu yi gwaji irin na Malama."

Ya ɗago. Rabon da ya dube ni haka an kwana biyu.

Na ce zan zana layi a daidai inda duhun ya tsaya, in kewaye ƙafar. In gari ya waye duhun yana cikin zoben, man yana aiki, ba wanda zai ƙara damunsa, ni da kaina zan tare Yaya a ƙofa. In ya tsallake, mu tafi.

Ya yi murmushi. "Yau ka yi maganar mutane. Mai Walda, ka ji?"

"Na ji, Mai Tsauri. Kai ma ka ji?"

"Na ji. Zana."

Na zana a hankali. Biron yana nutsewa cikin kumburi, sai da na bi ta kai sau biyu. Bai ji ba.

Yaya da na gaya mata ta waya ta ce na buga caca da ƙafar ubanmu, wani kwana ɗaya kuma? Ban musa ba. Na ce ta zo da sassafe da ruwan zafi a filas da bargo. Mai Walda ya riga ya zuba fetur a akori-kurarsa.

Alhamis, da yamma, a asibiti

Ya tsallake. Faɗin yatsu biyu, ya doshi idon sawu.

Jikinsa zafi rau. Yaya tana tsaye bakin ƙofa da bargo, Mai Walda a bayanta. Baba ya ce in ɗaga masa ƙafar. Na ɗaga. Ya duba ya ce layina ne karkatacce, ɗan aji shida ina ya san zane. Mai Walda ya ce, "A gabana aka yi, ya fi layin waldata miƙewa."

Baba ya dubi hoton da ke sama da rediyo, ya dubi ƙafar, ya sake duban hoton.

"Auta. A faranti, in zobe ya faɗaɗa mu ne da nasara."

"E, Baba."

"A nan kuma fa?"

Ba ni yake tambaya ba.

Ya ce, "Miƙo mini hulata."

A bakin ƙofa ya sa takalmin dama. Na hagu yana nan inda yake. Na ɗauke shi na sa a jaka. Yaya ta gani, ta kawar da kai.

A asibitin akwai wata doguwar baranda da ke karyawa hagu zuwa ɗakin mata. Da muka zo wurin a keken marasa lafiya sai ya rufe ido. Yaya ta ƙara sauri.

Nas ɗin da ta kwance tsumman ta ce, "Wa ya yi ɓarin turare a nan?" Da ta gama kwancewa ba ta ƙara wasa ba. Likita ya zo, saurayi ne, bai fi ni da yawa ba. Ya danna nan ya danna can, yana tambayar Baba ko ya ji. Ya ga layin biro ya ce wa ya zana. Na ce ni. Ya ciro nasa alƙalamin ya zana wani a sama da nawa.

Ya fitar da mu waje ni da Yaya. Ya faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta ba. Ya ce yatsan ya riga ya tafi. Sauran kuma ya danganta. Za su sa masa magani ta jijiya, su sauke sugan, su jira. In duhun ya ja baya daga layinsa, kaɗan za a ɗauka. In ya tsallake, sai ya sa gefen hannunsa a kan ƙafarsa shi kansa, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Yaya ta jingina da bango. Ni na riƙe jakar.

Juma'a, da safe

Bai tsallake ba.

Asabar, da safe

Bai tsallake ba. Bai ja baya ba.

Asabar, da yamma

Gadon Baba na kusa da taga. Na damansa wani direba ne da ya karye a cinya, ba ya rufe baki. Ya ce tunda aka kawo mu ɗakin ya koma kamar shagon sabulu. Ashe ƙamshin a jikina yake, a rigata da gashina. Na yi wanka sau biyu bai fita ba.

Baba ba ya magana. Yana kallon robar ruwan da ke ɗiga, ɗis, ɗis. Ɗazu ya ce, "Irin ɗigar bututunmu." Shi ke nan abin da ya faɗa yau.

Lahadi, da safe

Bai tsallake ba.

Litinin, da hantsi

Na je gida ɗauko kaya. Tsaurin ya yi tsawo ya fara kwantawa. Duro ya yi sanyi, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin bututu. Mai sabulun da ke sayen manmu ta aiko 'yarta tambayar mai, na ce sai an kwana biyu.

Na shiga ɗakinsa. Kwalbar tana nan gefen katifa da audugar da nake ɗiga masa. Na rufe ta na mayar cikin 'yan'uwanta. Na tsaya gaban hoton. Na yi niyyar sauke shi, na fasa. Ba nawa ba ne.

Talata, da safe

Kamar ya ja baya. Bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ko idona ne ke son haka.

Talata, bayan azahar

Na tambayi nas. Ta sa tabarau ta duba ta ce ba idona ba ne. Na kira Yaya, ta fashe da kuka a cikin shago, ina jin keken ɗinkin yaranta ya tsaya. Da ta gama ta ce, "To sai me? Kai dai har yanzu turmi ne." Na ce na gode.

Laraba, da yamma

Malama ta zo da lemo a leda. Baba ya juya fuska wajen taga. Ta gaishe shi, ta zauna a kujerar roba, ba ta matsa masa ba. Ta yi hira da direba har ya ba ta labarin karayarsa tun daga farko.

Can Baba ya ce, bai juyo ba, "Malama. Man namu ƙarya ne?"

"A'a, Baba. Gaskiya ne. Har yanzu a kansa nake aiki, kuma a cikin duk wanda na gwada naku ya fi faɗin zobe. A sabulu yana da amfani, a wankin wuri ma haka. Ba a kai ga ciwo irin naka ba ne, kuma ban san ko za a kai ba."

"Namu ya fi faɗi?"

"Naku ya fi."

Ya juyo. Ya ce in ɓare wa baƙuwa lemo. Na ce ita ta kawo. Ya ce to in ɓare mata nata.

Juma'a, da yamma

An shiga da shi da safe. Na zauna a benci da jakar a cinyata. Yaya tana ta kai da komo har wani ma'aikaci ya ce za ta cinye musu siminti.

Yatsu biyu suka ɗauka, babban da na kusa da shi. Diddige na nan. Tafin na nan. Likita ya ce zai taka.

Da ya farfaɗo ya ce, "Auta, duba mini." Na ɗaga bargo, bandeji ne kawai, amma da tsawonsa, har ƙarshen gado. Na ce, "Tana nan, Baba." Ya ce in taɓa. Na taɓa ƙwaurinsa. Ya ce ƙasa. Na taɓa idon sawu. Ya rufe ido.

Mai Walda ya zo da yamma ya tsaya ƙarshen gado yana lissafi da yatsu. Ya ce, "Takwas ma ai jama'a ne, Mai Tsauri. Wasu taron ba ya kai haka." Baba ya ce a fitar masa da maƙerin nan kafin ɗinki ya ɓalle.

Lahadi

Ba abin rubutawa. Ya cinye abincinsa, ya ce ba gishiri.

Alhamis, da hantsi

Mun dawo gida tun shekaranjiya. Nas ta koya mini wankin ciwon da ruwan gishirin da suka ba mu, ta ce in ta ji ƙamshin lemun tsami a bandejin nan ni za ta kwantar. Kullum da safe ina duba tafin ƙafafunsa duka biyu, tunda shi ba zai ji ba. Ya ce na mayar da shi jariri. Amma yana miƙowa.

Asabar, da yamma

Na hura wuta yau. Na bar ganyen ya sha iska. Man ya fito da kyau. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa da ƙafar a kan kujera, yana ba da umarni, rage itace, ƙara ruwa. Yaya ta zo da ɗinkinta tana yi a inuwa.

Wani saurayi ya zo, sabon mai yin sabulu, an kwatanta masa gidanmu. Baba ya sa aka shigo da shi, ya ce in sauko da hoton. Na sauko da shi. Yaya ta daina ɗinki.

"Ka ga zoben nan? Malamar kwaleji ce ta auna da rula. Duk garin nan ba mai faɗinsa. Man nan da kake gani yana kashe ƙwayoyin cuta." Ya tsaya. Ya dube ni. "A faranti."

"A ina, Baba?"

"A faranti na ce. Ƙafa ba faranti ba ce, yaro. Mutane ne ba sa ganewa, sai ka yi ta faɗa musu."

Yaya ta ƙware, ta shiga tari, ta rufe fuska da atamfar da take ɗinkawa. Baba ya ce a ba ta ruwa.

Da baƙon ya tafi na ciro takalmin hagu daga jaka. Na cusa auduga a gabansa inda zai yi masa yawa. Bandejin bai bari ya shiga ba tukuna. Na ajiye shi bakin ƙofa kusa da ɗan'uwansa.